Wata uku da lokotoro ta ce in jira

Ranar da barci ya sace ni ina tsakiyar ƙirga kuɗi, ranar na yarda abin nan ya wuce gajiyar kasuwa. Ƙarfe 11 na safe fa, a rumfata ta Rood Woko, mai saye na tsaye yana jiran canji. Yaron shago ne ya taɓa mini gwiwa ya ce, "Baba, mutum na jira." Na buɗe ido na ga takardun jaka biyar-biyar a hannuna, ban san inda na tsaya da lissafi ba. Mai sayen, wani Bamoshe da muka daɗe muna ciniki, ya ce, "Ladji, ko amarya aka yi ba a gaya mana ba?" Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Amma da na hau moto zan koma gida da yamma, gabana faɗuwa yake yi.

Shekara 34 ke nan ina sayar da shadda da atamfa a Wagadugu. Hanyar Lome ta Tenkodogo da Sinkase na bi ta har ban san iyaka ba: in kwana zaune cikin kar, in sauka da asuba in shiga Asigame ciniki ko wanka ban yi ba. Mu fatake jarinmu na farko jiki ne, kuɗi na biye. To, a farkon 2024 sai jarin farkon nan ya fara zurarewa. Ba ciwon kai, ba zazzaɓi, babu inda ke mini zafi. Kasala ce kawai, in tashi da safe kamar wanda ya kwana yana sauke buhunan siminti. In na idar da asuba sai in koma in kwanta, abin da rabona da shi tun ina saurayi. Ga mantuwa, ga tumbi na ƙaruwa.

Kowa ya ba ni dalili. Azumin shekarar ya faɗo cikin Maris da Afrilu, kuma duk wanda ke garin nan ya san zafin da aka sha, ga ɗauke wuta. Aka ce zafi ne da azumi. Aka yi Sallah, kasala na nan daram. Aka ce palu ne. Na je ƙaramin asibitin unguwa aka soki yatsa, babu palu, duk da haka na sayi maganin na sha, don mu duk ciwon da ba a gane ba palu ne. Wani ya ce taifot. Wani ya ce, "Alhaji, shekaru ne, ka haura hamsin fa."

'Yata ta biyu, wadda ke karatun haɗa magunguna a Jami'ar Joseph Ki-Zerbo, ita ta tsaya kai da fata sai na je an auna jinina. Muka je wata kilinik a ƙarshen Afrilu. Lokotoron mace ce. Ta shafa wuyana, ta sa na haɗiye yawu, ta rubuta awo kusan goma: jini, sukari, hanta, ƙoda, da sauransu. Duka na biya jaka 47 na sefa. Da sakamako ya fito, komai lafiya lau, sai layi ɗaya da aka yi wa alamar tauraro. An rubuta TSH, a gabansa 6.8, alhali iyakar da labo ɗin ya sa 4.2 ce. A ƙarƙashinsa an rubuta T4, shi kuwa yana cikin iyaka.

Lokotoro ta duba ta ce, cikin Faransanci, abin yana bakin iyaka ne: ba a ce ciwo ba, ba a ce lafiya ba. Ta ce in dawo bayan wata uku a sake aunawa. Na ce magani fa? Ta ce babu tukuna. Minti biyar ba mu cika ba, mai bi mini ya riga ya leƙo.

Bari in bayyana abin yadda 'yata ta bayyana mini daga baya, don da na fahimce shi a ranar da ban yi asarar da na yi ba. A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi, nauyinta bai fi giram 20 zuwa 25 ba. Masu asibiti na ce mata tiroyid. Ita ce in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta ta zuba wa jini wani sinadari, T4, mai tafiyar da saurin jiki: bugun zuciya, ɗumi, narkar da abinci, kuzari. Amma ba gaban kanta take yi ba. Wata ƙwaya a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ce ke aiko mata da umarni, umarnin nan shi ne TSH. Ku ɗauka maigida ne da yaron shago. In yaro na kawo kaya a kan kari, maigida magana yake a hankali. In yaro ya fara nawa, sai maigida ya ɗaga murya. A takardata maigida ya ɗan ɗaga murya, amma kaya na isowa cif. Watakila yaron ya fara gajiya ne, watakila kuma ranar ce kawai maigida ya tashi da faɗa. Lambar tana motsi da lokacin da aka ɗebi jini, da ciwon da mutum bai daɗe da tashi daga shi ba, da shekaru ma. Shi ya sa ba a yanke hukunci da awo ɗaya. In ta haura 10, ko T4 ya faɗi, a nan likitoci ba su cika jayayya ba, magani ake ba da wa. Tsakanin 4 da 10 kuwa, sai an sake dubawa.

Ni dai abin da na ji a ranar shi ne: an karɓi jaka 47 ɗina, an ce ina da ciwo a wuya, an kuma hana ni magani. Babbar Sallah saura mako bakwai, lokacin da mai shadda ke cin shekararsa. Wa zai zauna wata uku yana gyangyaɗi a kan jarinsa?

Wurin da na fara nufa shi ne wurin Baba Wanzam. A nan sai na ɗan koma baya, saboda 'yan uwa na Kumasi da Abijan da ke tambaya ta wane Zango nake. Zangon Hausawa na asali a garin nan shi ne Zangwatin, a tsakiyar birni, tsakanin babbar kasuwa da filin jirgi. A can aka yanke mini cibiya. A 2003, shekarar da Rood Woko ta ƙone, aka rushe unguwar tare da maƙwabtanta saboda shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci. Aka watsa dubban mutane, wasu filayen Waga 2000, wasu Niyoko. Ni na sayar da nawa filin na koma unguwar da ake kira Zongo, yamma da gari, bayan Pisi. Daga Zango zuwa Zongo, in ji abokan wasa. Abin da ya sa na kawo zancen: a Zangwatin mai magani maƙwabcinka ne. Ka san ƙofar gidansa, ka san wanda ya warke a hannunsa da wanda bai warke ba, in ya cuce ka gobe za ku haɗu a sahu ɗaya. Rushewar nan ba gidaje kaɗai ta ci ba.

Baba Wanzam shi ya yi mini kaciya, shi ya yi wa 'ya'yana maza. Na same shi ya tsufa ƙwarai, jikansa ke riƙe da zabira. Na ba shi labari, jikan ya karanta masa takardar. Ya sa hannu ya lalubi wuyana kamar yadda lokotoro ta yi. Ya ce, "Ɗana, maƙoƙon da na sani ido ke ganinsa. Naka takarda ce ta gano shi, takarda ce kuma za ta bi sawunsa. Abin da zan iya, in yi maka ƙaho jiki ya saki, in ba ka abin wanke ciki." Jikan ya kafa mini ƙaho shida a baya, aka ba ni ganyen sabara da tazargade in dafa. Jaka 2 ya karɓa, da goron da na kai. Na ji daɗin jikina kwana uku ko huɗu, kasala ta dawo. Da na sake kira, cewa ya yi, "To ka koma wurin matar nan." Ban ji ba. A raina na ce tsufa ya cinye wa Baba ilimi.

Kada wani ya ɗauka ina rena maganin gargajiya. Ƙasar nan ta amince da shi a dokar lafiya tun 1994. A farmasi ana sayar da FACA na masu sikila, wanda Farfesa Innocent Pierre Guissou da abokan aikinsa suka haɗa daga fasaƙwari da tumfafiya, itatuwan da kakanninmu suka sani. A Banfora, Dokta Zéphirin Dakuyo ya daɗe yana sarrafa shayin Saye na palu. Waɗannan suna da suna, da adireshi, da awo a jikin kwali. Abin da na faɗa ciki bayan Baba Wanzam ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun.

Wani maƙwabcin rumfa ya kai ni wurin mai duba a bayan gari. Ya buga ƙasa, ya share, ya sake bugawa, ya ce ciwon da asibiti ta kasa ba wa suna ai ba na asibiti ba ne. An ɗaure mini ƙarfi ne, kuma wanda ya yi yana sa hannu a kwano ɗaya da ni. Bai faɗi suna ba. Ba su taɓa faɗin suna, kai za ka ƙarasa musu aikin. Tun kafin in iso gida zuciyata ta riga ta zaɓi ɗan wana, yaron da na riƙa tun yana ɗan shekara 9 bayan rasuwar ubansa, wanda ke riƙe da rumfata ta biyu, wanda kuma na shirya turawa Lome a madadina. Na tuna ya taɓa cewa, "Baba, ka huta, mu za mu riƙe." Magana ce ta ɗa nagari, amma na juya ta. Na karɓe mabuɗin rumfar, na soke tafiyar, ban gaya masa dalili ba. Ya ji dalilin a bakin mutanen kasuwa. Ya zo ya durƙusa ya yi mini sallama, ya tattara ya koma Puytenga wurin dangin uwarsa. Ni ban iya tafiya ba, wanda zai tafi na kore shi. Babbar Sallah ta 2024 da tsohon kaya na yi ta, ina kallon masu saye na wuce ni. Mai duba ya ci rago da jaka 30. Limamin unguwarmu, wanda ke yi mini addu'a ba ko dala, da ya ji labari bai ce komai ba sai, "Alhaji, ka ji tsoron Allah a kan maraya."

Bayan nan sai na'ura. Wani ofis ne a saman bene, samari da fararen riguna, kujeru cike da mata. Aka ba ni wani ɗan ƙarfe na riƙe, an jona shi da kwamfuta. Cikin minti ɗaya ta fitar da shafuka masu ja da kore: hanta ta gaji, ƙoda ta gaji, tiroyid ta kusa mutuwa. Na ce lallai na'urar nan ta san aiki. Sai daga baya na tuna ni da bakina na gaya wa yaron zancen tiroyid tun a bakin ƙofa. Aka haɗa mini robobin kafso huɗu, jaka 85 na wata ɗaya, aka ce in na kawo mutum uku za a rage mini. Na ɓoye su a rumfa don kada 'yata ta gani. Ta gani. Ta karanta jikin robar ta ce, "Baba, wannan ciyawar teku ce, aidin ne zalla."

Zancen aidin, wanda a nan ake ce wa iyod, yana da gaskiya a cikinsa, shi ya sa yake saurin kama mutane. Da shi tiroyid ke yin aikinta, rashinsa kuma shi ne babban abin da ke kawo maƙoƙo a ƙasashen da ke nesa da teku irin namu. Gwaggona da ta zo daga Maraɗi tana da shi kamar ƙwarya, tana rufe shi da mayafi, kuma a zamaninsu ba abin mamaki ba ne. Gishirinsu na Bilma ne da na Taudeni, ba a sa masa komai, ga gero da rogo da ke ƙara wa tsokar wahala in aidin ya yi ƙaranci. Tun shekarun 1990 aka tashi haiƙan wajen sa aidin a gishirin girki, irin wannan wuyan ya ragu ƙwarai. Amma abin da baligi ke buƙata a rana ɗan mitsitsi ne, mikrogiram 150, mai ciki 250. Gishiri mai aidin, in an adana shi a rufe ba a rana ba, ya wadatar da yawancin mutane. Wanda tsokarsa ke tangal-tangal kuwa, in ya ɗura mata aidin fiye da kima, tana iya tsayawa ko ta haukace da aiki. Ga shi kuma ba kowace tiroyid mai nawa ce ke kukan aidin ba. Akwai wadda sojojin jiki ne da kansu ke cin ta a hankali, ciwon da wani likitan Japan, Hakaru Hashimoto, ya bayyana a 1912. Wannan ko buhun gishiri ka cinye ba ruwansa. 'Yata ta kwashe robobin. Na yi mata faɗa, na ce boko ya sa ta rena ubanta.

Yuli ya zo, lokacin komawa asibiti, ban koma ba. A makon ne na haɗu da kwalbar.

Wani mai talla da lasifika ne a bakin tasha, yana lissafa cututtuka kamar mai kiran garuruwa: sanyi, basir, kasala, ciwon gaɓɓai, raunin maza. Ruwa ne baƙi-baƙi a robar ruwan sha, ba takarda, ba suna, jaka 5. Ya ce saiwoyi 21 ne daga daji, rabin kofin shayi safe da yamma. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Jama'a, ran kwana na uku na tashi kamar ɗan shekara talatin. Na share rumfa da kaina, na sauke dila, na ci tuwo kwano biyu na nemi ƙari. Ciwon gwiwar da na saba da shi ma ya ɓace. Na dinga yi wa mutane tallarsa kyauta. Mutum biyu a layinmu sun saya saboda ni, wannan yana cikin abin da ke damuna har yau. Na sha mako bakwai, ina komawa ina sabuntawa.

Sai fuska ta fara cika. Mutane na cewa, "Alhaji, hutu ya karɓe ka." Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari sau biyar kafin asuba. Tumbi ya yi gaba, cinyoyi suka rame, in na durƙusa sai na dafa bango nake miƙewa. Barci ya ƙaurace, zuciya ta yi kusa, abu kaɗan in hau Hajiya da faɗa. In na yi kwana ɗaya ban sha ba, jiki ya mutu fiye da da. 'Yata ta yi wata biyu tana aikin koyo a wani gari. Ranar da ta dawo, ko jakarta ba ta ajiye ba, ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Baba, don Allah me kake sha?" Na ɗauko robar daga ƙarƙashin gado. Ta fashe da kuka.

Washegari mu uku muka koma wurin lokotoron nan, ni da ita da Hajiya. Hawan jini 17 bisa 10. Sukari, wanda a Afrilu yake lafiya, ya kai giram 1.9 ban ci komai ba. Aka auna wani sinadari da wasu 'yan ƙwayoyi a saman ƙoda ke fitarwa da safe, aka tarar ya yi ƙasa sosai. Lokotoro ta ce alamun duka na kortikoyid ne, irin ƙwayoyin asibiti masu arha da wasu ke niƙawa su zuba cikin jiƙo. Su ne matan da ke neman ƙiba ke sha. Magani ne na gaske, mai ceton rai in likita ya ba da shi da awo, kuma lallai yana sa kuzari da cin abinci a farko. Amma in an daɗe ana sha, jiki na daina yin nasa. Na ce to daga yau na zubar. Ta ce kul, wanda ya sha makonni ya yanke rana ɗaya yana iya faɗuwa, har a rasa shi. Ta ɗora ni a kan ƙwayar da aka san awonta, tana ragewa kaɗan-kaɗan, sai da muka ci fiye da wata biyu. Na koma na gaya wa mutum biyun nan na layinmu. Ɗaya ya ji, ɗaya ya ce hassada ce ta masu asibiti. Mai lasifika kuwa na neme shi a tasha, an ce ya yi gaba.

Awon tiroyid da aka ce in yi a Yuli bai yiwu ba sai Janairun 2025, don ƙwayar nan tana danne TSH, ta sa takarda ta yi ƙarya. Wata ukun da na ƙi jira ya zama wata tara.

A zaman nan na faɗa wa lokotoro abin da ke raina. Na ce, "Madam, da kin ba ni minti goma a ranar farko, kin gaya mini me ake jira da abin da zan guje wa, da ban je ko'ina ba." Ta yi shiru, ta ce ina da gaskiya. Har yanzu ina kan bakana. Mai buga ƙasa ya ba ni awa guda, yaron na'ura ya ba ni kujera da ruwan sanyi, mai lasifika ya kira ni babansa. Duk sun ba ni amsa ba tare da ɗar ba. Mai gaskiyar ce kaɗai ta sallame ni a tsaye. Amma laifin boko bai wanke nawa ba, ina da 'ya mai ilimin abin a cikin gidana.

A zaman ne kuma aka yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi. Lokotoro ta ce yaya barcina kafin duk wannan? Na ce kamar dutse. Hajiya, wadda tun shigarmu ba ta ce uffan ba, ta gyara mayafi ta ce wa 'yarmu, "Gaya mata ba haka ba ne. Minshari yake har a tsakar gida ana ji, sai ya ɗauke ɗif kamar an tafi da shi, ina ƙirgawa, sai ya fizgo numfashi kamar wanda aka shaƙe. Ya fi shekara biyu ina taɓa shi cikin dare in ji ko yana nan." Na ce, "Hajiya, me ya hana ki faɗa?" Ta ce, "Na faɗa, Alhaji. Cewa ka yi namiji ba ya rasa minshari."

Aka tura ni wurin likitan huhu, ya ɗaura mini wata 'yar na'ura na kwana da ita. Ta nuna numfashina na tsayawa ko ya ragu sau 27 a kowace awa. Maƙogwaro ne ke rufewa in barci ya yi nauyi, jiki ya farka ya buɗe shi, mutum bai sani ba. Ka kwanta awa takwas, ka tashi ba ka yi barcin kirki ba. Ya fi kama maza masu ƙiba da kaurin wuya a shekaruna, yana kuma tafiya da hawan jini. Direbobinmu na manyan motoci da ke gyangyaɗi a hanya suna ɗora wa goro da kofi, ina roƙon matansu su saurare su cikin dare. Maganinsa na sosai injin ne mai hura iska ta abin rufe hanci, kuɗinsa ya fi ƙarfina a bana, ga wutarmu. Abin da nake yi dai, na rage kilo 8, na daina tuwon dare mai nauyi da shayin bayan isha'i, ina kwana ta gefe, Hajiya ta ɗinka mini ƙullin tsumma a bayan rigar barci don kada in mirgina rigingine.

TSH na Janairu ya fito 5.3, na Yulin 2025 kuma 5.0, T4 lafiya, awon Hashimoto bai nuna komai ba. Ba a ɗora ni a kan magani ba. Na tambayi 'yata ko ba gara a ba ni ba a huta. Ta gaya mini wani babban gwaji da aka buga a 2017, wanda aka yi a Birtaniya da Ailan da Holan da Suwizalan a kan mutum 737 masu irin lambata, 'yan shekara 65 zuwa sama. Aka ba rabi maganin tiroyid, levothyroxine, rabi ƙwayar banza. Bayan shekara lambar masu magani ta sauka, amma gajiyarsu ba ta bambanta da ta sauran ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, cikin waɗanda aka tara don gwajin, fiye da rabi da aka sake auna su lambar ta koma daidai da kanta. Ta ce ni ban kai shekarunsu ba, kuma ga irina likita na iya gwada maganin na wasu watanni in alamu sun dage, a daina in bai yi amfani ba. Amma ba abin saye a kan tebur ba ne, in ya yi yawa yana taɓa zuciya da ƙashi. Na ce habbatus sauda fa? Ta ce an yi wani ɗan gwaji a Iran da mutum 40 masu Hashimoto na mako 8, an ga alamar amfani, amma mutum 40 ba su isa a ce a ajiye maganin asibiti ba. Ina shan tawa da zuma da safe, lokotoro ta sani, ta rubuta a katina tare da zogalen da Hajiya ke dafa mini.

Abu ɗaya da ta ce lallai in sa a rubutun nan saboda iyayenmu mata: wannan ciwon ya fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma mai ciki, ko mai neman ciki, ko wadda ke yawan ɓari, ita ba a ce mata jira wata uku. Lambar da za a ƙyale a jikina, a jikinta ana iya ba da magani, saboda ƙwaƙwalwar jinjiri da sinadarin uwa take ginuwa a watannin farko. Haka mai jegon da kasala ta ƙi saki wata da watanni, kada a tsaya ga kunun kanwa da ruwan zafi kaɗai.

Ƙarfina ya dawo kamar kashi biyu cikin uku. Sukari ya sauka amma bai koma inda yake ba, yanzu ni ma ina cikin masu auna yatsa. Ragowar kasalar, ko ta barci ce, ko ta wuyan, ko ta shekaru, mun bar ta ga awo na gaba, an rubuta ranar a kalandar rumfa. Na lissafa abin da na kashe tsakanin mai duba da na'ura da kwalba da gyaran ɓarnar kwalba, ya haura jaka 400, ban sa cinikin Sallar da ya wuce ni ba. Kusan rabin kuɗin injin iskar ke nan.

Baba Wanzam ya rasu da damina, Allah ya jiƙansa. Na samu zuwa gaisuwa. Bayan sadakar uku na hau kar na tafi Puytenga. Na tarar da ɗan wana a rumfar wani yana auna yadi. Na kira shi gefe na gaya masa komai, har da abin da mai duba ya ce da abin da zuciyata ta ƙara. Na ce ya yafe mini. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ya wuce." Ya raka ni tasha, ya biya mini kuɗin mota, ya sayo wa Hajiya albasa. Na ce yaushe zai dawo? Ya ce sai ya yi shawara da kawunnansa. Mabuɗin rumfar yana nan rataye a ƙusar da ya saba rataye shi, ban ba kowa ba.